Kawu Ya Zaɓo Mini Katin Girafik Kamar Ragon Layya

Jama'a, ku zo ku ji abin da Kawu Sale ya yi mini yau!

Kun san kwamfutar da nake haɗawa don gyaran bidiyon biki. Katin girafik, wato na'urar da ke sarrafa hoto, kawai ya rage. Sati uku ina bincike tsakanin kamfani biyu, na tsaya a kan mai koren kwali, don shi manhajata ke so. Kawu zai kai shanu Kaduna, na rubuta masa sunan a takarda, har hoto na tura masa.

Jiya ya dawo. Ɗazu ya shigo shagona, ya miƙo mini abu a leda. Ina buɗewa na ga na ɗaya kamfanin ne!

Na ce, "Kawu, ba wannan na rubuta ba!"

Ya ce, "Na ɗaga su duka biyun, na ji nauyi. Naka ramamme ne, fanka biyu. Wannan uku gare shi. Tun ba a haife ka ba nake sayen dabba, ba a cutata."

Na gwada, ko akwatin kwamfutar bai shiga ba! Ga bidiyon bikin da aka yi a Damari, jibi ango zai zo karɓa. Kuma kun san hanyar Kaduna ba a binta don wasa.

Na kira mai shagon da Kawu ya saya a wurinsa. Ya ce zai canza, in dai kwalin na nan lafiya.

Na ce, "Kawu, ina kwalin?"

Ya ce, "Mai kyan nan? Na ba Gwaggonka, ta zuba daddawa."