Ranar Da Motar Baba Ta Zama Bushiya

Ko da zan manta sunan unguwarmu a Kankia, ba zan manta da wata Asabar ba, ina ɗan shekara goma sha huɗu. Wautar da na yi ƙarama ce: Baba ya ce in wanke mota, ni kuwa kunnena ya ji "tuƙa mota".

Tun farkon hutu ya kafa mini sharaɗi. In ban taɓa mabuɗi ba, zai koya mini tuƙi. In na taɓa, Dudunni zan tafi noma gonar Kaka har a koma makaranta. Ran nan ya hau babur ɗin abokinsa suka nufi ta'aziyya Bauranya, ya bar mabuɗi a kan taga yana ta yi mini murmushi. Na ajiye bokitin ruwa, na shiga, na murɗa. Motar ta yi baya kamar an tsikari jaki, sai na ji ƙwaram! Na diro, na zagaya, sai ga gefen baya ya lotsa, rami guda wanda za a iya dama fura a ciki.

Na tattaro abokaina muka tura ta har rumfar mai walda a bakin titi, wani dattijo abokin Baba da muke kira Kawu. Na durƙusa na roƙe shi ya rufa mini asiri kafin la'asar. Ya shafa wurin, ya dube ni, ya yi wani murmushi da ban fahimta ba sai daga baya.

"Kai ka yi wanga aiki?"

"Ni ne, Kawu."

"Lallai hannunka da albarka."

Na zaci guduma zai sa ta ciki ya buga sau biyu a wuce wurin. Ya ce ƙarfen wurin ninki biyu ne, guduma ba ta kai wa, sai dai a jawo shi ta waje. Ya cire kan batir don kada wutar walda ta ƙona kayan motar, sannan ya kankare fentin har farin ƙarfe ya fito. Ya ɗauko wata na'ura mai kama da bindiga, ya riƙa manna ƙananan ƙusoshi a cikin ramin, ƙyas, ƙyas, kowace da ɗigon walda ɗaya. In sun kama, zai maƙala musu wani sandan ƙarfe mai nauyi ya fizgo su ɗaya bayan ɗaya har ramin ya taso, ya gutsure su, ya goge.

Ya gama jera su ke nan, ya fizgi biyu, aka ɗauke wuta. Na ce janareta fa? Ya ce yana gidan biki. Ya ce kuma ba zai ci gaba ba, don wasu ƙusoshin za su tsinke a sake manna su, ga shi ba wuta. Ya koma benci ya buɗe goronsa.

Motar Baba ta tsaya a bakin titi da ƙaya tsaitsaye kamar bushiya. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Wata tsohuwa mai ƙosai ta tambaya ko sammu aka yi mata. Na tuɓe rigata na lulluɓe ƙusoshin, abokaina marasa imani suka rataya hulunansu a kan sauran.

Ana kiran azahar babur ya tsaya, Baba ya sauko. Bai ko buɗe baki ba na zube ƙasa, na zayyana komai tun daga taga har mabuɗi, har da abin da ba a tambaye ni ba. Ya ɗaga rigata ya leƙa, ya juya wajen Kawu.

"Malam, ba Litinin muka yi da kai zan kawo ta ba?"

"Haka muka yi, Alhaji. Yaron ne ya hutar da kai."

Ashe amalanken shanu ne ya goge gefen motar jiya a hanyar Kusada, kuma tun jiyan ya nuna wa Kawu. Da na fara wankin da aka sa ni, da na ga ramin tun kafin in shiga.

"To ni mi na buge?"

"Je ka tambayi innarka," in ji Baba. "Yanzu ta kira ni, tana neman wanda ya taka mata bokiti."

Tun ranar na koyi duba abin da na buge kafin in fara kuka, kuma ba na amsa laifi sai an karanto mini shi. Wuta ta dawo bayan la'asar, Kawu ya fizgo ramin ya koma sumul. Washegari Baba ya kai ni Dudunni a cikin motar, ina kujerar baya, fartanya a kan cinyata.