Ranar da Muka Kai Hajiya Sauraron Busar Jikanta

Mun tashi da asuba daga Springfield, nan Amurka, alhali tafiyar tamu ko awa ɗaya ba ta kai ba. A wurin Hajiya mahaifiyata, duk tafiyar da aka fara bayan rana ta fito yawo ce. Muna idar da salla ta riga kowa shiga mota, da kwanon dambun nama da filas ɗin kunu a cinya, sai ka ce Legas za mu. Mu huɗu ne: ni da ita, da mai ɗakina, da babban ɗanmu ɗan shekara goma sha bakwai, wanda saboda shi aka yi tafiyar.

Jama'a, bari in gaya muku abin da ya hana ni sakat duk makon. Yaron nan yana busa saksafon, wani lanƙwasasshen ƙaho na tagulla. A makaranta ya fara, mun ɗauka zai gaji ya bari, sai ma abin ya shiga jininsa. Bana wata ƙungiyar unguwa a Washington, wadda ke shirya kiɗan jaz duk Asabar a lokacin zafi don tunawa da kiɗan kakanninsu baƙar fata, ta ɗauke shi cikin matasanta. Mu kuwa gidan malamai ne a Zariya. Tun da aka kafa gidan ba a taɓa samun makaɗi ko maroƙi a cikinsa ba. Da Hajiya ta zo mana hutu ta ji labari, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To. A kai ni in gani." Idan ta gani ta ce a bari, ni ba mai ƙetare maganarta ba ne, kuma ban san da wace fuska zan gaya wa yaron ba.

Babbar hanyar da kullum muke rarrafe a kanta in za mu aiki, ranar nan fayau take. Muka wuce dogayen benayen Alexandria da fitilunsu ba a gama kashewa ba, muka haye kogin Potomac hazo na tashi a kan ruwa. Ina ta nuna wurare ina bayani kamar ɗan jagoran baƙi, babu mai amsa mini. Ni ɗan fari ne, Hajiya ba ta kiran sunana, magana ma sai ta bi ta kan mai ɗakina. Yaron yana baya rungume da akwatin ƙahonsa, yana kallon taga.

Wurin yana can hayin wani kogin kuma, Anacostia, a wani fili mai ciyawa da manyan itatuwa. Mu muka fara isa, har mai gadin wurin ajiye motoci ya tambaye ni ko mu ne masu kafa rumfa. Dala goma sha biyar ya karɓa, na biya ina jin zafinta. A mota muka karya da kunu. Da hantsi yaron ya tafi gwaji, mu kuma muka ɗan zaga unguwar. Gidajen jan bulo ne manne da juna, kowane lungu da coci, tsofaffi zaune a baranda, kuma duk wanda ka wuce sai ya ɗaga maka hannu ya tambayi lafiyarka. A unguwarmu maƙwabcina na shekara shida ko sunansa ban riƙe ba. Hajiya ta dubi mai ɗakina ta ce, "Nan ana gaisuwa." Na ƙudurta a raina cewa mun ci ɗaya.

Kafin azahar fili ya cika. Kowa da kujerarsa ta naɗewa da akwatin ƙanƙara, mata da manyan huluna, yara na tsere tsakanin ƙafafun mutane. Abinci kuwa soyayyen kifi ne cikin burodi da jan yaji na kwalba, dala takwas. Sai da na tambayi mai suyar sau uku ko an soya wani abu daban a man, har ya yi dariya ya rantse mini kifi ne kawai. Kifin ya yi daɗi, amma Hajiya ta ce yajin na yara ne. Muka yi salla a bayan wata itaciya, wani dattijo ya ja kujerarsa ya ba mu wuri ba tare da an roƙe shi ba.

Manya suka fara. Mai fiyano, mai ganguna, mai wata ƙatuwar garaya da ake tsayarwa a ƙasa, da shugabansu, wani tsoho mai furfura da ya yi ritaya daga tuƙin bas, riƙe da ƙaho. Ni dai kiɗan jaz bai taɓa shiga kaina ba, ji nake kowa hanyarsa daban, sai can su haɗu. Amma ranar ko da ganga aka fasa a kunnena ba zan ji ba, domin fuskar Hajiya nake karantawa ta wutsiyar ido. Babu abin da na samu. Carbinta take ja.

Can ta karkata wajen mai ɗakina. "Wa suke wasawa?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To wa zai yi musu liƙi?"

"Ba a liƙi. Kyauta suke yi."

Ta ce, "Kuma suka zo."

Bayan waƙa ta uku tsohon ya ajiye ƙaho ya yi magana, mai ɗakina tana fassarawa a hankali. Ya lissafa waɗanda suka koya masa busa, duk sun rasu. Ya ce kakar kakarsa a Alexandria aka sayar da ita a zamanin bauta, nan hayin ruwa, inda muka wuce da safe, kuma abin da ya rage musu nata wata 'yar waƙa ce da ake yi wa jarirai a gidansu. Hajiya ta tambaya daga wane gari aka kamo ta. Mai ɗakina ta ce bai sani ba. Sunan ubanta fa? Shi ma bai sani ba. Hajiya, wadda take iya jero kakanninmu har bakwai ba ta numfasa ba, ta daina jan carbi. Tsohon ya busa waƙar shi kaɗai, a hankali, fili ya yi tsit, wasu tsofaffi suna gyaɗa kai idanunsu a rufe.

Sannan aka kira matasa. Ga nawa nan a layin baya, cikin farar riga, dogo siriri. Da aka sakar masa fili shi kaɗai, sautin farko ya fito a shaƙe. Tsohon ya matso kusa da shi ya busa gajeren abu, yaron ya amsa, tsohon ya sake, yaron ya sake amsawa, har muryar ƙahon ta buɗe. Mutane suka fara ɗaga murya suna zuga shi. Wata mata mai koren hula da ke kusa da mu, wadda tun ɗazu take cin dambun Hajiya suna hira da hannu, ta gane yaron namu ne, ta kama kafaɗar Hajiya tana girgizawa. Hajiya ko gezau. Wallahi a lokacin na sallama, na fara shirya kalmomin da zan lallashi yaron da su.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Wannan karon mun sha cunkoso a kan gada, rana na dukan gilashi. Sai da muka zo daidai Alexandria Hajiya ta ce a rage gudu. Ta daɗe tana kallon wajen ruwan.

"Mutanen nan ba roƙo suke ba," ta ce wa mai ɗakina. "Cigiya suke yi."

Ta juya ga jikanta. "Kai kuma, mijin banza, tsoho ɗan tamanin ya fi ka numfashi. Ka riƙa cin tuwo. Asabar mai zuwa in ka sake shaƙewa a gaban mutane, sakina za ka yi."

Yaron Hausarsa ta ji ce, ba ta mayarwa ba, amma wannan ya fahimce ta tas. Ya kifa kai a kan akwatin ƙahon yana dariya, kafaɗunsa na rawa, na san ba dariya ce kaɗai ba. Ni kuwa ajiyar zuciyar da na yi, sai da mai ɗakina ta ce in kula da hanya.

Mun iso gida lafiya kafin magariba. Abin da na koya bai da yawa. Na yi mako guda ina tsara yadda zan kare ɗana a gaban mahaifiyata, ashe ita ta fi ni jin abin da ake busawa. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan zuwa aiki, ban taɓa rage gudu a wurin ba sai ranar da ta ce.