Kunnen Direban Cokali

A rumbun kayan filin jirgi, can bayan inda matafiya ke shiga da fita, ba a kiransa da komai sai Direban Cokali. Cokalin kuwa motar ɗaga kaya ce, mai ƙarafa biyu a gaba kamar cokali mai yatsu. Da dako ya fara tun yana saurayi, yana jera kaya a kan faifan ƙarfe yana ɗaure su da raga kafin a tura su cikin jirgi. Da tsohon direban ya yi ritaya aka miƙa masa makulli.

Kamfanin da yake wa aiki ba na manyan attajirai ba ne. Masu ƙananan sana'o'i ne ke zuwa. Maƙeri zai kawo ƙofar ƙarfe da ta fi mutum tsawo, kafinta ya kawo teburin da ƙarti huɗu ba sa iya ɗagawa, duk masu son kayansu su isa wata ƙasa cikin 'yan kwanaki don mai saye ba zai jira jirgin ruwa ba. Kowa zai zo yana haki, yana rantsuwa nasa ya fi na kowa gaggawa. Shi dai ya zura cokali, ya ɗaga, ya ɗora a sikeli, ya sauke. A haka ya yi aure, ya kama haya ɗaki biyu, 'ya'yansa suka shiga makaranta.

Ƙarar jirgi ta daɗe tana cin kunnensa bai sani ba. Akwai abin toshe kunne a rataye a bango, amma yana sa gumi, kuma wanda ya sa shi ba ya jin umarnin oga, don haka ba mai damuwa da shi. Da farko wani kuka ne kamar na gyare a kunnen hagu, wanda ba ya yankewa ko da barci. Daga baya sai maganar mutane ta fara zuwa masa kamar daga ƙarƙashin bargo. Matarsa ce ta fara ganewa.

"Baban yara, tun ɗazu nake maka magana."

"Tunani nake yi."

"Tunanin nan naka shi yake ƙara sautin rediyo har maƙwabta su yi ƙorafi? Ka je asibiti."

Bai je ba. Ya san ranar da kamfani ya ji, ranar za a karɓi makulli, kuma bayansa ba zai sake iya dako ba. Sai ya koyi kallon baki. Ya koyi yin dariya in ya ga ana dariya, da gyaɗa kai in oga ya gama motsa leɓe.

Mutum ɗaya ne a rumbun ya san gaskiya, ƙanin matarsa, wanda ake kira Dogo. Direban Cokali ne ya samo masa aikin dako a wurin. Dogo bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kullum yakan tsaya daidai inda Direban Cokali zai gan shi, ya yi masa alama da hannu, ɗaga, sauke, tsaya. In sun zauna cin abinci kuwa ba ya raga masa.

"Yaya," zai ce, yana buɗe baki sosai don a karanta, "kunnen nan naka ado ne kawai. Mu cire mu sa a akwati mu aika waje a gyara."

"Kai ko kyauta aka ce a aika ka ba jirgin da zai karɓa. Ka wuce tsawon ƙofa."

Ranar da abin ya faru, wani mai walda ne ya kawo injin matse mai da ya ƙera da hannunsa. Karon farko ke nan da wani daga ƙasar waje ya sayi kayansa, kuma mai sayen ya ce in bai iso cikin makon ba ya fasa. Motar da ta ɗauko injin ta yi faci a hanya, ba su iso ba sai da yamma, ana dab da rufe karɓar kaya. Mai waldan ya sauko jiƙe da gumi yana roƙon kowa, har mai shara. Oga ya fito yana tafa hannu yana cewa a yi sauri.

Akwatin katakon ya fi wurin zaman direba tsawo, da ya ɗaga shi bai ga komai a gabansa ba sai katako. Nauyin kuma duk ya koma gefe ɗaya, inda motar lantarkin da ke juya injin take. A waje wani jirgi ya tayar da injinsa, rumbun duka yana rawa. Dogo yana gefe yana yi masa alama, sai ya hango wata igiyar ɗauri tana ja a ƙasa za ta shiga ƙarƙashin taya. Ya zagaya gaba ya sunkuya don ya janye ta. Igiyar ta maƙale. Ya yi ihu a tsaya. 'Yan dako suka yi ihu, oga ya yi ihu.

Direban Cokali yana ta tafiya a hankali, hankalinsa kwance. Abin da ya fara gani shi ne mai walda ya ɗora hannu biyu a ka, bakinsa a buɗe. Sai ya taka birki da ƙarfi. Birkin ne ya karkato da akwatin.

Ya kashe mota ya sauko. Ya ga mutane sun taru suna cicciɓar katako da sandunan ƙarfe, ya ga takalmin Dogo ɗaya a gefe. Wani ya riƙe kafaɗarsa yana girgiza shi yana faɗin wani abu, bai san mene ne ba.

A asibiti aka yanke wa Dogo ƙafar da akwatin ya danne, daga saman gwiwa. Da mutanen kamfani suka je tambayar Dogo, ya ce shi ne ya shiga gaban mota, bai ƙara komai ba. Amma a ofis, manajan ya juya baya yana zuba ruwa a kofi, ya yi tambaya, ya maimaita, Direban Cokali yana zaune yana kallon bango. Da manajan ya juyo suka haɗa ido, ba wanda ya buƙaci ƙarin bayani. Aka tura shi gwaji. Likita ta rubuta masa a takarda cewa kunnen hagu ya mutu, na dama saura kaɗan, kuma ba zai dawo ba. Ya ajiye makulli a kan tebur ya fito.

Injin kuwa bai yi ko ƙwarzane ba. Aka sake masa akwati, ya bi jirgi na gaba, ya isa a kan lokaci. Mai waldan ya zo asibiti sau ɗaya da ledar lemu, ya tsaya a bakin gado yana hawaye, daga nan ya koma aika kayansa ta wani kamfani.

Matar Direban Cokali ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ma ta yi. Ta kwana a asibiti har aka sallami ƙaninta, ta dawo gida ta ci gaba da girki da wanki. In za ta yi masa magana takan tsaya a gabansa ta faɗi abin da ya zama dole, kuɗin makaranta ko ruwa ya ƙare, ta juya. Surukarsa ta daina amsa gaisuwarsa. Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Mama, ina kwana," ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Yanzu yana aiki wurin wani kafinta a wajen ƙofar filin jirgi, yana buga ƙusa a akwatunan da wasu za su ɗaga. Aiki ne da ba ya buƙatar kunne. Abin da ya samu gida biyu ake raba shi, don matar Dogo tana da goyo.

Duk ranar da Dogo zai je asibiti koyon tafiya da ƙafar roba, shi yake ɗaukarsa a babur. Yakan tsaya a ƙofar gida ya jira, ba ya shiga. Dogo ya fito yana dogara sanduna, ya hau baya, ya gicciye sandunan a tsakaninsu. A hanya yakan ji ƙirjin Dogo yana motsi a bayansa, ya duba madubi ya ga bakinsa yana tafiya, wani lokaci tun daga gida har ƙofar asibiti.

Sau ɗaya ya tambayi matarsa ko ta san abin da ƙaninta yake faɗa masa a kan babur. Ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Ka tsayar da babur ɗin ka juya ka tambaye shi mana."

Damina ta wuce, wata ta shigo, yana kai shi yana dawo da shi, bai tsayar ba.