Romon Ɓargon da Aka Ɗura wa Mode

Shekara talatin da takwas Mode baduku ya yi yana ɗinka tumtum da jar fata a Ƙofar Dundaye, kuma bai taɓa yarda wani ya riƙe masa basilla ba. Mutum ne mai faɗa, amma hannunsa na dama ya isa a yi masa haƙuri. Wata safiya basillar ta suɓuce, baki ya karkace, sai asibiti.

Likita ta yi bayani dalla-dalla a gaban wansa Garba. Jini ne ya katse wa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Wurin da ya ji ciwo yakan saki kira cikin jini, sai wasu ƙwayoyin gyara su taso daga ɓargon mutum su bi kiran har wurin. Su kaɗai ba sa isa, kuma kiran ba ya daɗewa, don haka a kawo shi motsa hannu tun cikin makonnin farko.

Mode ya ji duka, harshe ne kawai ya ƙi. Shi kuwa Garba, mai kunnen ƙashi, kalma ɗaya ya tsinta.

“Likita ta ce ɓargo,” ya sanar a gida. “A kwantar da shi, kar wanda ya taɓa hannun ga!”

Haka aka jibge bawan Allah a kan katifa, kullum romon ƙashin shanu mai ɓargo, mai da gishiri male-male, ga mai hawan jini. In ya yunƙura ya nuna ƙofa, ya ce “ɓar… ɓar…” don ya gyara musu zancen, sai Garba ya washe baki: “Kun ji, ƙari shika so!” Takaici kamar ya kashe shi. Kwano uku ya kifar da hagu, aka ce zafin ciwo ne.

Sai bayan wata bakwai matarsa Dijatu ta gaji, ta tari keke ta kai shi da kanta. Likita ta ja yatsun, sun dunƙule sun ƙi buɗewa. Ta ce za a gwada, amma ɗinki kam da wuya.

Garba ya iso yana haki. “Ko dai ɓargon ne bai isa ba?”

Mode ya ɗaga dunƙulallen hannun da hagunsa, ya kai masa har hanci. Harshen ya ɗan saki a watannin nan, kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya.

“Nawa… taka nuhi. Ba na shanu ba.”