Cokali a Wurin Ciyayya

Ciwon ya fara mini ne wata damina, muna sa wa masara taki. Tsakanin yatsuna ya soma ƙaiƙayi, fatar ta bushe ta dare, wani lokaci har ruwa take fitarwa. Wasu suka ce ƙazuwa ce, wasu suka ce kirci. Ni da ma mutum ne mai yawan tunani. Ko ƙofa na rufe, sai na koma na taɓa ta.

A layinmu, a wani ƙauye kusa da Dayi, muna ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanon tuwon gidansa, mu zauna kan tabarma a ƙofar gidan dattijon layin, a buɗe kwano ɗaya a cinye, a jawo wani. Tun ina sabon ango nake zama a wurin. Nan ake jin farashin auduga, nan ake jin wanda ba shi da lafiya.

Da hannuna ya lalace, sai tuwon ya daina wuce mini. In na yanko loma, idona na kan gurbin da yatsuna suka bari, ina jiran in ga wanda zai ci daga nan. Na riƙa cewa a raina, in wani ya kamu, alhakinsa yana wuyana. Kafin in fito nakan wanke hannu da sabulun wanki, in ɗauraye, in sake wankewa. Fatar ta ƙara tsagewa. Da tunanin ya taso sai ƙaiƙayin ya taso, in sosa har jini, jinin kuma ya ba ni sabon abin tunani.

Sai na yi dabara. Na fito da cokali a aljihu.

Taubashina, wanda ba ya raga mini, shi ya fara gani.

"A'a, yau Bature muka samu a layi? Ranka ya daɗe, a kawo maka teburi?"

Aka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya dubi cokalin, ya dubi hannunsa mai kanta, ya ce, "Malam, mun wanke hannu fa."

Na so in buɗe tafina in nuna musu. Amma na ji tsoron in sun gani za su tuna duk tuwon da suka ci tare da ni. Na ce, "Haka ne, Baba." Na ci gaba da cokalina. Hira ta mutu ranar.

Daga nan na fara fashi. In ce ciki ke damuna, in ce na gaji. Na daina miƙa hannu a masallaci, sai in dafa ƙirji daga nesa. Maganar da ta dawo kunnen matata ita ce na sayar da masara da daraja, yanzu ƙyamar mutane nake yi. Barci ya gagare ni, na rame, gona ma sai na yi da ƙyar nake zuwa.

Matata ce ta matsa mini na hau mota zuwa asibiti a Malumfashi. Likitan ya juya hannuna ba tare da safa ba. Ya ce wannan ciwo ba a ɗaukarsa, ko a kwano ko a gaisuwa. Ya hana ni sabulun wanki, ya rubuta man shafawa. Sannan ya tambaye ni ko ina barci, ko ina yawan damuwa, domin damuwa da wannan ciwo suna ciyar da juna. Sai hawaye suka zubo mini.

Da fatar ta ɗan lafa, na ɗauki kwanona na fita, ba cokali. Suka amsa sallama da kyau, suka matsa mini wuri. Taubashina bai tsokane ni ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Dattijon ya jawo wani ƙaramin kwano, ya yanka tuwo a ciki, ya zuba miya, ya tura gabana.

"Ga naka, Malam. Kada mu takura maka."

Duk bayanin likita yana bakina. Na ce gobe zan faɗa. Na ci a ƙaramin kwanon, yatsuna suna ƙaiƙayi. Har yau a cikinsa nake ci.