Man Shanun Inna Rukayya

Bappa Tukur maƙwabcinmu ne a Toranke. Da kiwo ya tashi, amma da wurin kiwo ya ƙuntata sai ya sayar da yawancin shanunsa, ya koma awon gero da gyaɗa a kasuwar Ajingi. Mutumin da ya saba yini yana bin garke ya koma yini a kan benci. Da safe shayi mai sukari cokali bayan cokali, da rana lemon kwalba mai sanyi, da la'asar kunun zaƙi.

Matarsa, Inna Rukayya, da man shanu aka san ta. Ita ke tatsar 'yan shanun da suka rage, kuma duk mai suna ko biki a unguwa wurinta yake aikowa.

Da tumbi ya fito wa Bappa, numfashi ya fara yi masa nauyi, sai aka gwada jininsa a asibiti a Gaya, aka ce kitse ya yi yawa. Bai tsaya jin ƙarshen bayani ba. A ganinsa kitse daga mai yake zuwa. Ya hana a sa masa man shanu a miya, kuma a majalisar ƙofar masallaci ya ce, "Mai ɗakina ce za ta ƙarasa ni da mai." Cikin raha ya faɗa, amma maganar ta shiga gidaje. Mata suka daina aike. Inna ta kife ƙwaryarta.

Bayan watanni yana cin miya ba mai, ya koma asibitin. Kitsen ya ƙaru. Likita ta tambaye shi abin da yake sha, ya lissafa mata.

"Ai waɗannan ruwa ne, likita."

"Ruwa mai sukari, Baba. In sukari ya yi yawa, tun daga hanji jiki yake fara mayar da shi kitse ya tura cikin jini, hanta ta ƙara nata. Ɗan man da ke miya ba shi ya kawo ka nan ba."

Da ya dawo gida ya daɗe a zaure kafin ya shiga. Ya tsaya bakin madafa yana kallon ƙasa, ya ce a mayar masa da man a miya, kaɗan.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ba a nan ka zubar da maganar ba. Inda ka zubar, can za ka je ka kwashe."

Bayan la'asar ya je majalisa, ina wurin. Ɗayyabu tela ya tare shi da tsokana: "Bappa, har yanzu da sauran numfashi? Man bai ƙarasa ka ba?"

Ya zauna, ya gyara hularsa da ba ta karkace ba. "Ba man ba ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Zaƙin da nake sha ne. Na ɗora wa baiwar Allah laifin bakina. Kowa ya faɗa a gidansa."

Ba wanda ya yi dariya. A makon nan matar liman ta aiko da kwano, Inna ta buɗe ƙwaryarta. Wasu matan har yau ba su dawo ba, kuma Bappa ya san gidajensu ɗaya bayan ɗaya. In zai wuce ta ƙofarsu, sauri yake ƙarawa.