Mai Yatsa Tara da Dodon Kogi

A shagon kayan wasan allo da ke Nipponbashi, cikin birnin Osaka na Japan, akwai teburin da masu fentin ƙananan dodanni ke zama. Yau wani ƙaton tsoho ya cinye wurin mutum biyu shi kaɗai. Wuya kamar turmi, jarfa na leƙowa ta hannun rigarsa, ƙaramin yatsansa kuma saura rabi. Duk mun san a gidan manyan 'yan daba ne ake biyan laifi da yanke yatsa, don haka kowa ya ja kujerarsa gefe.

Abin da yake wa fenti kappa ne, dodon kogi mai faranti a ka, wanda bai fi guntun yatsan da ya rasa ba. Ya ciji leɓe, ya ɗauke numfashi. Masu wannan aiki da ƙaramin yatsa suke tokare hannu in an zo kan ido. Shi ba abin tokarewa, sai buroshi ke karkarwa. Ina zaton a da mutane ne ke karkarwa a gabansa.

Mai shagon, Michiyo, ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Haba, Kawu! Dubi dodon naka, ido ɗaya na kanka, ɗaya na kan ƙofa. Ba jikarka ka ce za ka kai wa ba? Kawo in gyara kafin ta yi maka dariya."

Ya ɗaga dodon, ya daɗe yana dubansa.

"Bar shi, 'yar nan. Tun ina saurayi haka kowa ke kallona. Yarinyar ce kaɗai ke zuba mini ido biyu."